Tarihin Hamza da Alamar Zancen Wani a Rubutun Hausa: Daga Maɗaba'ar Zariya Zuwa Manhajar Kwamfuta

1.0 Gabatarwa

Masana da dama sun yi rubuce-rubuce a kan tarihin daidaita rubutun Hausa na boko, amma galibi hankalinsu ya fi karkata ga baƙaƙe da wasula da matsalar haɗa kalmomi da raba su. Alamomin rubutu kuwa, akan jero su ne a ƙarshen littafi, a ba kowace misali ɗaya ko biyu, a wuce. Wannan maƙala za ta dubi tarihin biyu daga cikin waɗannan alamomi, wato hamza da alamar zancen wani, wadda wasu ke kira alamar buɗe magana da rufe ta. Dalilin haɗa su wuri ɗaya shi ne, duk da cewa aikinsu ya sha bamban, surarsu ta zo ɗaya: ɗan waƙafi ne da aka rataya a saman layi. Manufar maƙalar ita ce ta nuna cewa wannan kamanci gado ne da Hausa ta ci daga maɗaba'a da tafireta, kuma abin da a da ido kan warware shi cikin sauƙi, a yau ya zama matsala tun da kwamfuta ta shiga tsakanin marubuci da mai karatu. Za a kuma nuna yadda masu shirya manhajar kwamfuta suka yi fama da irin wannan ruɗani a bayanan da suke rubutawa na manhajojinsu, da darasin da ke cikin mafitar da suka samu.

2.0 Kawo Zancen Wani Kafin Zuwan Boko

Tun kafin Bahaushe ya san alƙalami yana da hanyoyin nuna cewa maganar da yake faɗa ba tasa ba ce. Yakan gabatar da ita da ya ce ko ta ce, ko ya biyo bayanta da in ji wane. Idan kuma yana son ya nisanta kansa daga gaskiyar zancen sai ya sa wai. Mai tatsuniya yakan ƙara da sauya murya, ta yadda mai sauraro ba zai kasa bambance maganar Gizo da ta Ƙoƙi ba. Wato dai kalma da murya su ne alamomin zancen wani a Hausar baka.

Da rubutun ajami ya samu, malamai sun bi al'adar littattafan Larabci. Idan malami zai ciro maganar wani magabaci sai ya buɗe da ƙala, ma'ana ya ce, idan ya kai ƙarshenta ya rufe da intaha, ma'ana ta ƙare, ko ya taƙaita kalmar da harafin alif da ha. Akan kuma yi amfani da jar tawada don fito da muhimman kalmomi. Hasali ma, shi kansa Larabcin bai karɓi alamomin rubutu irin na Turai a tsare ba sai a farkon ƙarni na ashirin, musamman bayan da Ahmad Zaki Basha na Masar ya wallafa littafinsa a kan wannan fanni a 1912. Abin lura a nan shi ne, a ajami babu yadda za a yi hamza ta rikice da alamar zancen wani, domin hamza da ainu haruffa ne masu surarsu, ita kuwa ɗaya alamar ba a ma san ta ba.

3.0 Asalin Alamomin Biyu a Turai

Alamar zancen wani ta samo asali ne daga wata 'yar alama mai kama da bakin kibiya da malaman Girka na ɗakin karatu na Iskandariyya suke sawa a gefen shafi don jawo hankali ga wani layi. Daga baya marubutan Kirista suka riƙa sa ta a gefen ayoyin da suka ciro daga littafinsu. Bayan samuwar ɗab'i, maɗaba'an ƙarni na sha shida suka maye gurbinta da waƙafi biyu, sannu a hankali kuma alamar ta baro gefen shafi ta shigo cikin layi, tana buɗe magana tana rufe ta. Kowace ƙasa ta ɗauki tata sura. Faransawa suka zaɓi « », Jamusawa suka zaɓi „ “, masu Ingilishi suka tsaya a kan “ ” da ‘ ’. Ko a tsakanin masu Ingilishin ma an rabu, domin maɗaba'un Ingila da yawa sun fi fara magana da tilon alama, na Amurka kuwa da tagwai.

Shi kuwa waƙafin sama, wanda daga baya Hausa ta ara ta mai da shi hamza, maɗaba'an Italiya da Faransa ne suka yaɗa shi a ƙarni na sha shida, cikinsu har da Aldus Manutius da Geoffroy Tory. Aikinsa a harsunan Turai shi ne nuna gurbin harafin da aka shafe. Ke nan a can ba harafi ba ne, shaida ce ta rashin harafi. Wannan bambanci shi ne tushen duk abin da zai biyo baya.

4.0 Shigowarsu Cikin Boko, 1843 zuwa 1939

Turawan farko da suka rubuta Hausa da haruffan Romawa, irin su J. F. Schön, wanda ya fitar da jerin kalmomi a 1843 da littafin nahawu a 1862, ba su bambance b da ɓ ko d da ɗ a kai a kai ba. Da aka gane cewa waɗannan sautuka daban suke, sai aka shiga neman yadda za a nuna su da kayan ɗab'in da ke akwai. Wasu suka ɗiga ɗigo a ƙarƙashin harafi, wasu suka jingina masa waƙafin sama. Wannan zamani ne na ƙamus ɗin C. H. Robinson na 1899 zuwa 1900, da ƙa'idojin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar a 1912 mai suna Rules for Hausa Spelling, har zuwa ƙamus ɗin G. P. Bargery na 1934.

A 1926 aka kafa wata cibiya ta nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan, wadda a ƙarƙashin jagorancin masana irin su Diedrich Westermann ta ba da shawarar a ba kowane sauti harafinsa. Wannan ra'ayi ne ya kai ga karɓar baƙaƙe masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, a zamanin da R. M. East yake shugabancin Hukumar Talifi a Zariya, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, ta taimaka ƙwarai wajen sabar wa jama'a da su. Sai dai an bar sautuka biyu a hannun waƙafin sama. Na farko shi ne hamza ta tsakiyar kalma, kamar a sa'a da jama'a da ma'ana. Na biyu shi ne 'y, wanda ke fitowa a tushen kalmomi kaɗan, amma masu yawan aukuwa a zance, irin su 'ya da 'yar da 'yan da 'yanci. Masana tarihin harshe sun nuna cewa wannan sauti ya samu ne daga ɗiya, kalmar da har yau take raye a karin harshen Sakkwato da Katsina.

A daidai wannan lokaci ne alamar zancen wani ta zauna da gindinta a Hausa. Gasar ƙagaggun labarai ta 1933 ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, sannan Magana Jari Ce ta biyo baya daga 1937. Waɗannan littattafai cike suke da hira tsakanin taurari, don haka su ne suka koya wa mai karatun boko tsarin da muka sani a yau: a rubuta ya ce, a sa waƙafi, a buɗe magana. Ta haka Hausa ta wayi gari da alama guda mai ɗauke da kaya biyu, nan harafi can alamar rubutu.

5.0 Tarurrukan Daidaita Rubutu, 1955 zuwa 1999

An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. A 1966 hukumar UNESCO ta kira taro a Bamako don daidaita rubutun wasu manyan harsunan Afirka ta Yamma, ciki har da Hausa da Fulfulde da Barbarci. Bayan kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kano a 1969 an ci gaba da irin waɗannan zama a Zariya da Kano a farkon shekarun 1970, sannan aka yi na Yamai a 1980 da nufin kusanto da rubutun Nijeriya da na Nijar. Abin da ya fi cin lokacin mahalarta shi ne haruffa, da tsawon wasali, da rabon kalma. Ba abin zargi ba ne da ba su tsaya a kan surar hamza ba, domin a wancan zamani alƙalami da tafireta ne kayan aiki, kuma mai karatu da idonsa yake gane abin da ake nufi.

Duk da haka an sami rabuwar hanya a kan 'y. Nijeriya ta riƙe waƙafi da y, Nijar kuwa ta karɓi ƴ mai ƙugiya, kuma ƙa'idar rubutun da gwamnatinta ta tabbatar a 1999 ta ƙarfafa haka. Bugu da ƙari, marubucin da ya tashi a makarantar Faransanci hannunsa ya saba da « », na Nijeriya kuwa da “ ”. Wannan rabuwa ta ƙara nauyi tun daga 2025, shekarar da Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, domin takardun hukuma da za a riƙa rubutawa da Hausa za su ƙaru.

6.0 Daga Tafireta Zuwa Kwamfuta

Masu ƙera tafireta sun yi tsimin madannai. Maimakon alamomi huɗu masu lanƙwasa, sai suka sa biyu miƙaƙƙu, wato " da ', kowace tana buɗewa tana rufewa, ta biyun kuma tana aikin waƙafin sama. Da aka zo tsara lambobin haruffa na kwamfuta a Amurka, wato ASCII, wanda ya fito a 1963 aka sake fasalinsa a 1967, sai aka gaji wannan tsimi. Gurabe 128 kacal ke cikinsa. Tagwan alama ta sami lamba 34, tilo ta sami 39, aka kuma ajiye wata mai karkata baya, wato `, a lamba 96. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ. Shi ya sa Hausawan farko da suka yi rubutu a kwamfuta da wayar hannu suka koma rubuta k'asa da d'aki, wato suka farfaɗo da dabarar da aka bari tun shekarun 1930.

Masu shirya manhaja su ma sun shiga wannan ƙunci. Da yake a wasu na'urorin farko lamba 96 da 39 suna fitowa kamar tagwayen da ke fuskantar juna, sai aka ɗauki al'adar rubuta `kaza' idan ana son keɓe sunan wani umurni ko fayil. Manhajar ɗab'i ta TeX, wadda Donald Knuth ya fara fitarwa a 1978, ta ginu a kan haka, kuma shirin GNU, wanda aka ƙaddamar a 1983, ya daɗe yana bin wannan al'ada a saƙonni da bayanan manhajojinsa. Da zubin haruffa ya sauya, sai alamomin biyu suka daina dacewa da juna a ido. A 1999 Markus Kuhn na Jami'ar Kambirij ya yi rubutu yana kira da a bar wannan al'ada, kuma a farkon shekarun 2010 aka gyara ƙa'idojin GNU, aka ba da shawarar amfani da miƙaƙƙun alamomi a gaba da baya.

Wasu sun wuce nan. Tsarin rarraba manhajoji mai suna Guix, wanda aka fara a 2012, yana buƙatar kowane ƙunshin manhaja ya zo da taƙaitaccen bayanin aikinsa, kuma yana da wata manhaja mai duba waɗannan bayanai. Idan ta ga kalma tsakanin tilon alamomi biyu sai ta gargaɗi marubucin cewa ya cire su ya sa kalmar cikin @code{}, wanda umurni ne na tsarin Texinfo mai nufin cewa wannan kalma sunan wani abu ne na manhaja. Hikimar ita ce, marubuci ya faɗi aikin da kalma take yi, ya bar wa na'ura zaɓen surar da za ta fito da ita, ko a allo ko a takarda. A taƙaice, sun raba aiki da sura.

Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ma a kan wannan tunani ya tafi a nan. Ya ba ɓ lamba U+0253, ɗ U+0257, ƙ U+0199, ƴ kuma U+01B4. Ya ware wa alamomin zance nasu gurabe, U+201C da U+201D ga tagwai, U+2018 da U+2019 ga tilo. Sannan ya tanadi U+02BC, wadda a ido waƙafin sama ce, amma a lissafin na'ura harafi ce cikakkiya, an kuma yi ta ne domin harsunan da ke rubuta hamza da wannan sura.

7.0 Yadda Lamarin Ya Shafi Hausa a Yau

Matsala ta farko ta fito ne daga manhajojin buga rubutu irin su Microsoft Word, waɗanda tun shekarun 1990 suke lanƙwasa miƙaƙƙiyar alama da kansu. Ƙa'idarsu ita ce, duk alamar da ta zo bayan fili buɗe magana ce. Saboda haka da zarar an buga 'yan sai ta juye ta koma ‘yan, wato harafin Hausa ya zama alamar buɗe zancen da ba za a taɓa rufewa ba. A unguwar Madaki ta garin Gombe, inda aiki ya zaunar da ni, akwai shagunan buga takardu da ɗalibai ke kai kundayensu. A kundi guda da ya zo hannuna don dubawa na tarar da kalma ɗaya an rubuta ta ta hanya shida:

(1) 'yan, ‘yan, ’yan, `yan, ƴan, yan

Ba ganganci ne ya jawo haka ba. Kundin ya bi ta waya da kwamfuta fiye da ɗaya, kowace da nata hukunci. Ita ƴ kuwa, allon madannai na wayoyin zamani ne ya kawo ta kusa da yatsa, har ta bazu a rubutun 'yan Nijeriya na intanet ba tare da wani taro ya zartar da ita ba. A gari irin Gombe, inda Fulfulde ke zaune kafaɗa da kafaɗa da Hausa, kuma ita ma tana da ɓ da ɗ da wannan sauti na ƴ, harafin ba baƙo ba ne ga mai karatu.

Matsala ta biyu ita ce ta ma'ana. Manhajojin bincike da na ƙirga kalmomi sukan ɗauki waƙafin da ke farkon kalma a matsayin alamar rubutu su yar da shi. Dubi waɗannan:

(2) 'ya'ya da yaya
(3) 'yar da yar
(4) ba'a da ba a

Idan hamza ta faɗi, abin da mutum ya haifa ya zama wansa ko kalmar tambaya, ɗiya ta zama jefarwa, zolaya ta zama korewa. Duk manazarcin da ya tara matani masu yawa don ƙirga kalmomi ko shirya ƙamus, sakamakonsa zai gurɓata gwargwadon yawan waɗannan kalmomi, kuma suna da yawa. Haka nan ƙa'ida irin ta Guix da aka ambata, da za a ɗora ta a kan matanin Hausa yadda take, da ta kama 'ya'ya, domin za ta ga ya tsakanin alamomi biyu ta zaci an keɓe ta ne.

Matsala ta uku ta shafi masu fassara manhaja zuwa Hausa, aikin da ya bunƙasa tun da Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook kuma ya buɗe shafinsa da Hausa a 2016. A harsunan shirya manhaja da yawa, tilon alama ita ce ke nuna farkon matani da ƙarshensa. A fayilolin saƙonni na Android dole a sa karan da ya karkata baya kafin waƙafin sama, a wani tsarin saƙonni na Java kuwa sai an ninka shi biyu, in ba haka ba ya ɓace. Mai fassara da ya rubuta ma'aikaci ko na'ura bai kiyaye wannan ba, saƙonsa zai fito a gurgunce. Wannan dalili ne kuma ya sa wasu fom na rajista ta intanet suke ƙin karɓar sunaye irin su Sa'idu da Asma'u da Mu'azu sai an cire hamza, har mutum ya wayi gari sunansa na takardar makaranta ya saɓa da na katinsa.

Ta huɗu ita ce karon alamomin biyu a jimla guda, idan aka bi tsarin Ingila na buɗe magana da tilo:

(5) Ya ce, ''Yan makaranta sun sa'a.'
(6) Ya ce, “'Yan makaranta sun tashi.”

A misali na (5) mai karatu ba zai san inda magana ta fara ko inda ta ƙare ba sai ya sake dubawa. A na (6) kuwa komai a fili yake.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi sawun hamza da alamar zancen wani tun daga Hausar baka da ajami, inda ba su taɓa haɗuwa ba, zuwa maɗaba'ar Zariya inda suka sami sura ɗaya, zuwa kwamfuta inda wannan sura ta zama tarko. An ga cewa masu manhaja sun fita daga irin wannan ruɗani ne ta hanyar rubuta ƙa'ida da kuma raba aiki da sura. Bisa ga haka ake ba da shawarwari huɗu. Na farko, a tsayar da tagwan alama “ ” a matsayin alamar zancen wani a Hausa, a taƙaita tilo ga zance cikin zance kawai. Na biyu, a ƙamus da taskokin matani da fassarar manhaja a riƙa rubuta hamza da U+02BC, a rubutun yau da kullum kuwa miƙaƙƙiyar alama ta wadatar, muddin an hana na'ura juya ta. Na uku, masana na Nijeriya da Nijar su zauna su yanke hukunci tsakanin 'y da ƴ, tun da yake dalilin da ya sa aka bar wannan sauti ba ƙugiya, wato ƙarancin kayan ɗab'i, ya kau. Na huɗu, sassan koyar da harsunan Nijeriya su sa wannan batu cikin darasin ƙa'idojin rubutu, su kuma isar da matsayarsu ga masu ƙera allon madannai. Magabatan da suka zauna a Zariya da Bamako da Yamai sun yi wa kayan aikin zamaninsu hukunci. Idan masana na yau ba su yi wa nasu ba, ƙa'idar da aka tsara domin Ingilishi ce za ta ci gaba da yanke wa Hausa yadda za ta rubuta 'ya'yanta.